Binciken harhaɗa magunguna a Zariya: Yadda ake yin sa da hanyar mayar da shi sana’a

Akasarin jama’a a bayan kanta suka san masanin harhaɗa magunguna: ya karɓi takardar likita, ya ɗauko magani, ya bayyana yadda za a sha. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ido ke gani. Kafin ƙwayar magani ta iso kantar, sai da wani ya gano sinadarin da ke cikinta, wani ya auna adadin da ke warkarwa da adadin da ke cutarwa, wani ya haɗa ta yadda za ta narke a ciki a kan kari, wani kuma ya ci gaba da sa mata ido bayan ta shiga kasuwa. Jimillar waɗannan ayyuka ita ake kira binciken harhaɗa magunguna.

A Arewacin Najeriya babu garin da ya daɗe da wannan fanni kamar Zariya. A Samaru akwai Tsangayar Kimiyyar Harhaɗa Magunguna ta Jami’ar Ahmadu Bello. A Sabon Gari, tafiyar ’yan mintuna a motar haya, akwai kasuwa da shagunan maganin da mutanen Zariya da ƙauyukan kewaye ke dogaro da su. Wuraren biyu suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, amma kaɗan ne daga abin da ake ganowa a ɗakunan gwaje-gwajen Samaru ke isa kantocin Sabon Gari a matsayin magani. Duk mai son ɗaukar wannan bincike a matsayin sana’a, tazarar nan ce zai shafe shekarunsa yana ƙoƙarin ragewa, don haka gara ya san da ita tun kafin ya cike fom ɗin JAMB.

Tushen karatun a Zariya

Sana’ar harhaɗa magunguna ta zamani ta fara kafuwa ne a Legas, inda aka buɗe makaranta a Yaba, aka kuma kafa Ƙungiyar Masana Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PSN, a 1927. A 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantar harhaɗa magunguna a Zariya domin horar da ma’aikatan da za su riƙa haɗawa da raba magani a asibitocin lardunan Arewa. Aikinsu a wancan zamani hannu ne da sikeli: a auna gari, a dama ruwan magani, a ɗura a kwalba.

An buɗe Jami’ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoban 1962. Jami’ar Ife ce ta riga kowa fara digiri a wannan fanni, ta Zariya ta biyo baya. Karatun ya soma a matsayin sashe a Tsangayar Kimiyya, kafin ya tsaya da ƙafarsa a matsayin tsangaya a shekarun 1970. Daga nan ne aikin ya tashi daga koyon raba magani kawai, ya haɗa da binciken asalinsa.

Malaman tsangayar sun riƙe manyan muƙamai a ƙasa. Farfesa Gabriel Osuide, wanda ya koyar a Samaru, shi ne shugaban Hukumar NAFDAC na farko. Farfesa Charles Wambebe, wanda ya yi digirinsa na uku a jami’ar, ya shugabanci Cibiyar Bincike da Inganta Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja. Farfesa Abdullahi Mustapha, masanin sinadaran magani, ya kai ga shugabancin jami’ar kanta.

Rassan binciken

Tsangayar ta kasu zuwa sassa, kuma kowane sashe da irin tambayar da yake nema wa amsa.

Sashen nazarin tsirrai da sauran albarkatun magani yana duba itatuwa da saiwoyi da ganyayyaki: wane tsiro ne wannan, yaya ake bambance shi da makamancinsa idan an dake shi ya zama gari, kuma waɗanne sinadarai ke cikinsa?

Sashen sinadaran magani yana tace waɗannan sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ya gano ƙirar kowanne, ya kuma ƙera sababbi. Shi ne ke auna ko abin da aka rubuta a jikin kwali shi ne ainihin abin da ke cikin ƙwaya.

Sashen nazarin aikin magani a jiki yana bin sawun magani daga baki zuwa jini, zuwa hanta da ƙoda: ina yake aiki, tsawon wane lokaci, kuma wace illa yake bari?

Sashen haɗa magani da sarrafa shi a masana’antu yana mayar da sinadari ƙwaya ko kafso ko sirop ko allura ko man shafawa. Ƙwayar magani ba sinadarin warkarwa ba ce zalla; tana ɗauke da sitaci da danƙo da sauran kayan da ke riƙe ta, su kuma sake ta idan ta isa ciki. Masu bincike a Samaru sun daɗe suna gwada sitacin rogo da gero da dawa da acca, da ƙaron itatuwa irin su maɗaci da kashu, don ganin ko za su maye gurbin waɗanda ake sayowa daga waje.

Sashen nazarin ƙwayoyin cuta yana auna ƙarfin magungunan kashe su, da yadda suke bijire wa magani, da tsaftar abin da aka haɗa.

Sashen kula da majinyata kuwa a asibiti da cikin al’umma yake aikinsa: ko mai hawan jini yana shan maganinsa yadda aka ce, ko magunguna biyun da aka rubuta wa mutum suna karo da juna, ko kuɗin magani ne ke hana mai ciwon suga warkewa. Asibitin Koyarwa na jami’ar da ke Shika shi ne babban fagen wannan sashe.

Daga tsiro zuwa magani

Binciken da ya fi yawa a jami’o’in Arewa shi ne na tsirran da masu maganin gargajiya ke amfani da su, kamar sabara da marke da maɗaci da hano da tsada da sanya da rawaya. Rubuta sunayensu da amfaninsu ya daɗe: J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da babban littafi kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Abin da mai bincike na yau ke ƙarawa shi ne hujja, kuma hujjar tana da matakai.

Mataki na farko shi ne tambaya. Ana zama da masu magani da ungozomomi da mafarauta, a ji wane ɓangaren tsiro suke ɗauka, ɓawo ko saiwa ko ganye, da yadda suke sarrafa shi, jiƙo ko dafawa.

Na biyu, tantancewa. Suna ɗaya na Hausa yakan hau tsirrai biyu, tsiro ɗaya kuma yakan amsa suna uku tsakanin Zariya da Sakkwato da Maraɗi. Saboda haka ake kai samfuri ma’adanar busassun tsirrai ta jami’ar, masani ya tabbatar da sunansa na kimiyya, a ba shi lamba. Binciken da ba shi da wannan lamba, babu wanda zai iya maimaita shi.

Na uku, tatsa. Ana shanya tsiron a inuwa, a niƙa, a jiƙa shi cikin ruwa ko sinadari irin su methanol, a tace, a ƙafar da ruwan. Yadda aka yi wannan aiki yana iya raya bincike ko ya kashe shi. A ƙasar Sin, a wani shirin neman maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fara a 1967, masaniya Tu Youyou ta lura cewa tafasawa na lalata sinadarin wani tsiro dangin tazargade. Da ta koma tatsa da ƙaramin zafi sai aikinsa ya bayyana. A 1972 aka ware sinadarin artemisinin, wanda shi ne ƙashin bayan magungunan zazzaɓin da ake sha a Najeriya yau, ita kuma ta samu kyautar Nobel a 2015.

Na huɗu, gwajin guba. Kafin a tambayi ko abu yana warkarwa, sai an san ko yana kisa. Ana ba ɓeraye adadi daban-daban, a lura da su, sannan a ba wasu na tsawon makonni, a duba jininsu da hanta da ƙoda.

Na biyar, gwajin aiki. Idan zazzaɓin cizon sauro ake nufi, ana sa wa ɓeraye nau’in ƙwayar cutar da ke kama su, a ba su maganin kwana huɗu, sannan a duba jininsu a madubin likita, a kwatanta da na waɗanda aka ba sanannen magani da na waɗanda ba a ba komai ba. Idan babu wannan kwatance, sakamakon ba shi da ma’ana.

Na shida, ware sinadarin da ke aikin da gano ƙirarsa. Nan ne ake buƙatar na’urori masu tsada, kuma sau da yawa sai an aika samfuri wata cibiya ko ƙasar waje.

Na bakwai, gwaji a jikin ɗan Adam, wanda shi ma hawa uku ne: mutane masu lafiya ’yan ƙalilan don tabbatar da aminci, sai ɗaruruwan marasa lafiya don gano adadin da ya dace, sai dubbai don kwatanta shi da maganin da ake da shi. Bayan nan ne ake neman rajistar NAFDAC.

A duniya, wannan tafiya kan ɗauki shekara 10 zuwa 15, kuma mafi yawan sinadaran da aka fara da su a hanya suke faɗuwa. A jami’o’inmu kuwa galibin kundayen bincike a mataki na biyar suke tsayawa. Shi ya sa idan aka ji labarin cewa wani ganye ya rage suga a jinin ɓera, bai kamata mai ciwon suga ya ajiye maganinsa ba. Haka nan lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe da ake gani a jikin magungunan gargajiya, tana nufin an duba amincinsu ne kawai. Hukumar ba ta tabbatar da cewa suna warkar da abin da aka rubuta ba, kuma doka ta wajabta a bayyana hakan a jikin kwalin.

Darasin Niprisan

Misalin da ya fi fice na binciken Najeriya da ya wuce matakin ɓera shi ne na maganin sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara.

A farkon shekarun 1990 Cibiyar NIPRD, wadda aka kafa a 1987, ta ƙulla yarjejeniya da wani mai maganin gargajiya daga Jihar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, kan wani haɗi da yake ba masu sikila. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen wani nau’in dawa da itacen wata bishiya dangin maɗobiya. A ƙarƙashin jagorancin Farfesa Wambebe aka daidaita haɗin, aka yi gwajin guba, aka gwada shi a jikin marasa lafiya, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Aka sa masa suna Niprisan.

A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa shi, ya fito kasuwa da sunan Nicosan a 2006. Ba a jima ba kamfanin ya durƙushe saboda matsalar kuɗi, maganin ya ɓace daga kantoci, iyalan da suka saba da shi suka rasa inda za su samu. Sai a 2018 aka sake ƙulla yarjejeniya da kamfanin May & Baker domin ci gaba da sarrafa shi.

Labarin ya nuna cewa ilimin gargajiya da na ɗakin gwaji suna iya haɗuwa su haifi magani, a kuma kiyaye haƙƙin mai ilimin na asali a rubuce. Ya kuma nuna cewa ganowa ba ta wadatar: sai da jari da masana’anta mai ɗorewa da manoman da za su samar da tsirran. Mai bincike da bai fahimci dokar mallakar fasaha da kasuwanci ba, yana iya gano abu mai amfani ya kuma ga ya salwanta a gabansa.

Tambayoyin da ke jira a Sabon Gari

Ba kowane bincike ne ke neman sabon magani ba. Wani yana tambaya ne ko wanda ke kasuwa yana aiki, kuma irin wannan ya fi saurin amfanar jama’a.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Ɗalibi na iya sayo nau’o’i goma na magani ɗaya daga shaguna daban-daban, ya auna nauyin ƙwaya 20 daga kowanne, ya duba ko ƙwayar da ba a lulluɓe ba ta wargaje cikin minti 15 kamar yadda ƙa’ida ta tanada, sannan ya auna yawan sinadarin da ke ciki. Wannan aiki ne da digiri na farko ke iya ɗauka, kuma sakamakonsa na iya zama sanadin janye mugun kaya daga kasuwa.

Akwai batun ajiya. Yawancin magunguna ana so a ajiye su ƙasa da maki 30 na ma’aunin Salshiyas, insulin da allurar tsayar da jini bayan haihuwa kuwa tsakanin maki 2 da 8. A watannin Maris da Afrilu zafin Zariya yana wuce maki 30 nesa ba kusa ba, ga rufin kwano, ga ɗaukewar wuta. Nawa ne ke saura na ƙarfin maganin da ya yi wata uku a irin wannan shago, ko a kan tiren mai talla a tasha? Amsar tana buƙatar awo.

Akwai bijirewar ƙwayoyin cuta. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 kai tsaye saboda wannan matsala. Sayen kafso biyu ko uku ba tare da takardar likita ba, da daina sha da zarar an ji sauƙi, da ɗura wa kaji magungunan da mutane ke sha, duk suna cikin abin da ke haifar da ita. Masu shagunan da aka fi sani da kemis, lasisinsu na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai, amma a ƙauyuka da yawa su ne asibitin farko. Sanin abin da suke bayarwa da dalilin bayarwar fage ne na bincike mai zaman kansa.

Akwai shaye-shaye. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi, kuma a watan Mayun shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta haramta sirop ɗin tari mai kodin.

Akwai kuma sa ido kan illar magani. A ƙarshen 2008 wani sirop na haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, ya lalata ƙodar yara a sassan ƙasar nan, har da Zariya, inda jimillar waɗanda suka rasu ta kai 84. Irin wannan annoba ana gano ta ne idan ma’aikatan asibiti sun lura da abin da bai saba ba, suka kai rahoto, aka kuma samu ɗakin gwajin da zai tabbatar da zargi cikin gaggawa.

Ƙa’idojin da ba a tsallakewa

Mutanen Arewa sun san abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da ƙa’ida. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Yara 11 sun rasu, aka shafe shekaru ana shari’a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 kan Dala miliyan 75. Rashin yardar da lamarin ya haifar ya daɗe yana bibiyar shirye-shiryen riga-kafi a yankin.

A yau babu binciken da ya shafi mutum da za a fara ba tare da amincewar kwamitin ɗa’a na asibiti ko na ƙasa ba. Dole a bayyana wa mutum manufar binciken da harshen da yake ji, a gaya masa haɗarin da ke ciki, a kuma sanar da shi cewa yana da ’yancin janyewa ba tare da an daina kula da shi ba. Gwajin dabbobi ma yana da kwamitinsa a jami’ar.

Sauran ƙa’idojin sun shafi gaskiyar mai binciken: kada ya ƙirƙiri alƙaluma, kada ya kwashi rubutun wani, kada ya ɓoye sakamakon da bai yi masa daɗi ba. Ya kuma guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da masana sun tantance ba, domin suna zubar da ƙimar mai rubutu a idon masu bayar da tallafi.

Matakan karatu

Tafiyar tana farawa daga sakandare. Ana buƙatar kiredit biyar a Ingilishi da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a JAMB kuma a rubuta Ingilishi da darussan kimiyyar nan uku. Gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka sai da maki mai tsoka.

Digirin B.Pharm shekara biyar ne. Akwai kuma Pharm.D mai shekara shida, wanda ya fi ba da ƙarfi ga aiki a gefen gadon majinyaci, kuma jami’o’in ƙasar nan suna komawa kansa sannu a hankali. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yana yin ƙaramin bincike a ƙarƙashin malami. A nan ne yawanci mutum ke gane ko zai iya zaman ɗakin gwaji.

Bayan kammalawa akwai rantsuwa, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a wurin da aka amince da shi, sai jarrabawar rajista, sai hidimar ƙasa. Hukumar PCN, wadda aka kafa da doka ta 91 ta 1992 aka kuma sabunta dokarta a 2022, ita ke bayar da lasisi, kuma duk shekara ake sabunta shi.

Mai son bincike zai ci gaba zuwa digiri na biyu, wanda kan ɗauki kimanin shekara biyu, sannan na uku, wanda ba ya gaza shekara uku. Mai son ƙwarewa a aikin asibiti yana iya bin shirin Kwalejin Ƙwararrun Masana Harhaɗa Magunguna ta Afirka ta Yamma.

Ƙofar binciken ba ta rufe ga waɗanda suka karanta wasu fannoni ba. Masu digiri a Kemistiri ko nazarin tsirrai ko ƙwayoyin cuta ko likitancin dabbobi suna samun gurbi a wasu sassan a matakin gaba da digiri. Sai dai wannan ba ya ba su lasisin buɗe kantin magani ko amsa sunan masanin harhaɗa magunguna a doka.

Inda ake samun aiki

Jami’a ce babbar mai ɗaukar masu bincike. Ban da Zariya, akwai tsangayoyin fannin a Jami’ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri da ta Jos da ta Jihar Kaduna da ta Jihar Gombe. Ƙarin girma daga ƙaramin malami zuwa farfesa ya dogara ne kan digiri na uku da yawan maƙalun da aka wallafa da ingancinsu.

Akwai cibiyoyin bincike irin su NIPRD, da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Basawa a nan Zariya. Akwai hukumomi: NAFDAC, wadda aka kafa da doka ta 15 ta 1993, tana buƙatar masu awo a ɗakunan gwajinta, cikinsu har da na Kaduna, NDLEA ma haka.

Akwai masana’antu, inda ake buƙatar masu kula da inganci da masu ƙirƙiro sabon haɗi. An daɗe ana ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Najeriya daga waje suke zuwa, galibi Indiya da Sin. Ficewar kamfanin GSK a 2023 da faɗuwar darajar Naira sun sa farashi ya yi tashin gwauron zabi, lamarin da ya sa gwamnati ta cire haraji kan kayan haɗa magani a 2024 don ƙarfafa masana’antun gida. Yawancin waɗannan masana’antu a Legas da Ogun suke, saboda haka mai son wannan layi ya shirya barin gida.

Akwai kuma ƙungiyoyin lafiya na duniya da shirye-shiryen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki, waɗanda ke ɗaukar masu iya tattara alƙaluma da sarrafa jigilar magani.

Kuɗi da sauran cikas

Asusun TETFund, wanda dokarsa ta fito a 2011, shi ne babban mai tallafa wa binciken jami’o’in gwamnati, kuma yana ɗaukar nauyin ƙaro karatun malamai. Daga waje akwai guraben Commonwealth da DAAD ta Jamus da TWAS. Bankin Duniya ma ya tallafa wa wata cibiyar ƙwarewa a jami’ar kan cututtukan da aka yi watsi da su a ƙasashe masu zafi.

Duk da haka, ɗalibai da yawa na digiri na biyu da na uku daga aljihunsu suke sayen sinadarai da ɓeraye da abincinsu. Ana shigo da sinadaran ne da Dala. Na’ura idan ta lalace takan daɗe tana jiran mai gyara. Ɗaukewar wuta na awa kaɗan tana iya lalata samfurin da aka yi wata shida ana tarawa. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, kuma gwajin da aka katse a tsakiya sau da yawa sai an faro shi daga tushe. Albashin mai bincike kuma bai kai ribar abokin karatunsa da ya buɗe kanti a bakin titi ba, abin da ke sa wasu ƙwararru ficewa zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya.

Shawara ga mai niyya

Ya zaɓi tambaya kafin ya zaɓi tsiro. “Me ya sa masu farfaɗiya ke daina shan magani?” ko “Sitacin gero zai iya riƙe ƙwayar parasitamol?” sun fi amfani a kan maimaita gwajin da aka riga aka yi wa ganye ɗaya sau ashirin.

Ya binciki malamin da zai duba aikinsa: me ya wallafa a shekarun nan, ɗalibansa nawa suka gama a kan lokaci, da wa yake hulɗa a wasu cibiyoyi.

Ya koyi ilimin ƙididdiga da sarrafa alƙaluma a kwamfuta da rubuta takardar neman tallafi. Ana iya gwada yadda sinadari zai dace da ƙwayar cuta a kwamfuta kafin a taɓa kwalba, kuma wannan ba ya cin kuɗi sosai.

Ya riƙe littafin aiki, ya rubuta komai da kwanan wata, har da gwajin da bai yi nasara ba.

Ya kuma riƙe Hausarsa da kyau. Mai maganin da ke shimfiɗa saiwoyi a kasuwa da uwar da ta kawo ɗanta asibitin Shika da mai kemis a lungu ba za su buɗe masa ciki da Turanci ba, kuma idan ya gama, su ne suka fi cancantar jin abin da ya gano, da harshen da suka ba shi labarin.